Darasi na 9: Raba gauraye, da abin da ke ɓuya cikin ruwa

Hatsin da aka sussuke ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai ƙaiƙayi, akwai tsakuwa, akwai rairayi. Wannan shi ne gauraye: abu biyu ko fiye sun haɗu, amma kowanne na nan da halinsa. Abu zalla kuwa shi ne wanda babu komai cikinsa sai shi.

Raba gauraye aikin kullum ne a gidajenmu. Mace ta ɗaga ƙwarya ta sheƙe, iska ta kwashe ƙaiƙayi don ba shi da nauyi. Ta zuba ruwa ta rege, tsakuwa ta kwanta. Bayan daka ta tankaɗe da rariya, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Masu ƙuli-ƙuli a nan Maraɗi ma haka suke, suna juya niƙaƙƙiyar gujiya da ruwan zafi har mai ya rabu da tunkuza. Kowace dabara bambanci take nema tsakanin abubuwan, na nauyi ko na girma.

Inda wuyar take shi ne abin da ya narke. Ku ɗebi ruwan gulbi da damina ku ajiye, laka za ta kwanta. Ku tace da ƙyalle mai tsabta, zai yi garau. To amma ku jefa gishiri cikin ruwan nan ku sake tacewa, ku ɗanɗana. Gishirin na nan. Abin da ya narke yana bin ƙyalle ya wuce.

Wannan magana ta taɓa mu kusa. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an tarar ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Ruwa ne mai kyan gani, amma ya ɓata haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwansu. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, kuma lalle ku tafasa ruwan da ba ku yarda da shi ba, ya yi minti 1 yana ɓararraka. Sai dai wuta ba ta fitar da fuloraid. Ruwa ne ke tashi ya zama tururi, shi kuwa ya zauna cikin tukunya. Irin wannan sai awo a ɗakin gwaji ke gano shi, don haka sabuwar rijiya a nemi ma'aikatan ruwa su auna ta kafin a sha.

Aikin gida: ku gauraya cokali 2 na rairayi da cokali 2 na gishiri. Ku zuba rabin kofin ruwa, ku motsa, ku tace. Me ya tsaya a ƙyalle? Ku ɗora ruwan a wuta da murfi, ku bari murfin ya huce, ku ɗanɗani gumin da ya taru a cikinsa. Daga nan ku bar ruwan ya ƙone, ku rubuta abin da kuka tarar a gindin tukunya, ku zo da shi aji.