Kafin ka ɗaura wa motarka manyan rim: kurakuran da aka fi yi a Magazin

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu taya a Suame Magazin, unguwar makanikai da masu kayan mota a Kumasi, ya san wannan cinikin. Saurayi zai shigo da mota mai zafi, Golf GTI ko BMW 335i ko Charger da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka, bai ma kashe inji ba ya leƙo ta taga: "Masta, akwai ashirin?" Inci 20 yake nufi. Masta ya ce akwai, don me zai ce babu? Bayan wata biyu motar ta dawo, rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙulu a gefe, sitiyari na kyarma, mai ita na rantsuwa jabu aka sayar masa. Sau da yawa kayan ba su da laifi. Lamba ɗaya ya tambaya, alhali biyar ne: inci, faɗi, ET, tazarar ramukan noti, da ramin tsakiya.

Mu fara da incin, tunda shi ke ɗaukar ido. Rim da taya tare tsayi ɗaya aka yanka musu a ƙarƙashin fenda, abin da ƙarfe ya ƙara roba ce za ta rasa shi. Dubi rubutun gefen taya, misali 225/45R17. Faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na wannan faɗin, wato wajen milimita 101, rim kuma inci 17. Ka hau 18 da 225/40, gefen ya dawo 90. Ka hau 19 da 225/35, saura 79. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. A Jamus, inda aka zana Golf da BMW, milimita 79 ta wadatar. Mu kuwa da damina ke gaishe mu sau biyu a shekara, ga lungunan Aboabo da Asawase, ga tudun rage gudu da ke jiranka gari bayan gari in ka ɗauki hanyar Techiman zuwa Tamale, lissafin dabam ne. Ra'ayina, ka tsaya a girman kamfani, in ƙwalisa ta matsa maka ka ƙara inci ɗaya tak.

Masu cewa babban rim na ƙara gudu kuma, su yi haƙuri. Yawanci ya fi nauyi, nauyin kuma a can baki-baki yake, inji ne zai sha wahalar juya shi, birki ya sha wahalar tsayar da shi, shokazoba ta sha wahalar danne shi a gargada. Motocin tseren Formula 1 da inci 13 suka yi ta gudu har ƙarshen 2021, sai a 2022 suka koma 18. Dalili ɗaya na gaskiya da ke tilasta babban rim shi ne babban birki.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne a ƙara rim a bar lissafin tsayi. Taya 225/45R17 tsayinta duka milimita 634. Ta 225/40R18 kuwa 637, kusan babu bambanci, shi ya sa suke musanya lafiya. Amma wanda ya ɗaura 245/35R20 a gurbinsu ya kai kusan 680, ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Agogon gudu zai nuna 100 alhali yana kan 107, motar ta yi sanyin tashi kamar an ƙara mata tsawon giya, taya kuma ta riƙa gugar fenda in an ɗauki mutum uku a baya. Abin da masu sana'a ke bi shi ne kada bambancin ya wuce kashi 3. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta: inci sau 25.4, a haɗa da tsayin gefe sau biyu. In motarka mai jan ƙafa huɗu ce, xDrive ko 4Matic ko quattro, ka ƙara tsanantawa. Gaba da baya dole tsayinsu ya yi kusan ɗaya, in ba haka ba akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu ne zai ci wuya, kuma kuɗinsa ya fi na rim huɗun.

Sai wanda ya fi ba ni tsoro, "ai rami biyar ne, zai shiga." Biyar ɗin ba iri ɗaya ba ne. Yawancin Mercedes da Volkswagen da Audi 5x112 suke amfani da shi, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112. BMW irin su E46, E90 da F30 nasu 5x120, sababbin da suka biyo baya sun koma 5x112. Camry, Accord da Mustang 5x114.3. Charger da Challenger 5x115. Lura da 114.3 da 115: tazararsu milimita 0.7 kacal, don haka rim ɗin kasuwa mai 5x114.3 zai zauna a kan Charger, noti ma ya ɗauru, yaron shago ya ce "Alhaji, ka gani, kamar don ita aka yi." A karkace notin ya zauna, yana jan ƙusar gefe guda, kuma ba a cikin gari da gudun 40 abin zai nuna kansa ba. Wanda ya ce zai faɗaɗa maka ramukan da injin huji, ka yi masa godiya ka tashi.

Ramin tsakiya ba shi da wuyar magani. Na Golf milimita 57.1, na Mercedes 66.6, na tsofaffin BMW 72.6, na Toyota irin Camry 60.1. Rim ɗin kasuwa akan yi shi da babban rami don ya shiga motoci da yawa, sai a cike giɓin da ɗan zoben roba ko alminiyam. In ka yi balansin sau uku sitiyari bai daina kyarma a wajen gudun 100 ba, kafin ka zargi mai faci, a cire taya a duba ko zoben na nan.

ET kuwa sai an zauna. Juya rim ka duba bayansa, za ka ga rubutu kamar 7.5Jx18 ET49, wanda shi ne na Golf GTI ta bakwai. Faɗi inci 7.5, ET kuma shi ne nisan fuskar da ke manne wa hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a kansa, daga tsakiyar rim, da milimita. Lamba na raguwa, rim na fitowa waje. A ce ka ga 8.5 mai ET35 ya burge ka. Ƙarin inci ɗaya na faɗi milimita 25.4 ne, rabi ciki rabi waje, wato 12.7. Daga 49 zuwa 35 kuma 14. Haɗa su, bakin rim ya fito waje da kusan milimita 27. Je ka sa ruwula a fendarka ka ga ko akwai wannan filin. In babu, tudu na farko fenda za ta yanki taya. In kuma ET ya yi yawa, ta ciki ne zai goga a jikin shokazoba. Ko da bai goga ko'ina ba, rim da ya fito waje sosai yana cin boris, yana kuma sa sitiyari bin kowane layin da ke kan kwalta. Ga kuma birki: mota mai babbar kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, irin ta Brembo, lambobi duka na iya yin daidai amma ƙafafun rim su taɓa ta. Wannan ba ya lissaftuwa a takarda. A ɗaga mota a jak, a ɗaura ɗaya a gaba, a juya da hannu, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada kafin biya, akwai wani shagon a gaba, Magazin ba ta ƙarewa.

Noti ma ana raina shi. Gindin na Volkswagen da Mercedes na kamfani zagaye yake kamar ƙwallo, na BMW da yawancin rim ɗin kasuwa mai tsini ne kamar mazurari. Ka ɗaura na ƙwallo a ramin mazurari, bakin kawai ya kama, a hankali zai saki. Rim sabo, a tambayi notinsa. A kuma ɗaure da sifana mai awo, Golf ƙarfin ɗauri 120 Nm take so, ba yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

Abu na ƙarshe, kuɗi su ƙare a rim a koma neman taya mai araha cikin hom-yus, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje. Ba na zagin hom-yus, da ita yawancinmu muke yawo, amma a karanta. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Bayan girman kuma akwai irin su 91W: 91 na ɗaukar kilo 615, W na jure gudun 270, V 240, H 210. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. Yawanci takardar na manne a jikin ƙofar direba, da girman taya da awon iska. Ka ɗauki hotonta a waya, ka ɗauki na bayan tsohon rim ɗinka, su za ka fara miƙa wa Masta kafin a yi maganar sidi nawa.