Darasi na Tara: Asalin Kalmar Masinja

Ɗauko wayarka, ko ka leƙa ta wanda ke kusa da kai a aji. Nemi alamar nan mai zanen walƙiya, wadda ake tura saƙon Facebook da ita. A ƙarƙashinta an rubuta Messenger. Ɗora yatsa ka ƙirga haruffan. Tara ne: m, e, s, s, e, n, g, e, r.

Ka daɗe da sanin wannan kalma, a rubuce ne kawai take maka baƙunta. Ita ce muka ara muka mayar masinja. A Turanci tana nufin duk wanda aka ba saƙo ya kai wani wuri, na baki ne ko na takarda. Lura da abu biyu wajen rubuta ta. Harafin s biyu ne a jere. Harafin g kuma ana furta shi kamar j, shi ya sa muke cewa masinja, ba masinga ba.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen Rumawan dā, inda mittere ke nufin aikawa. Daga nan Faransawa suka samu message, wato saƙo, suka kira mai kai shi messagier. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, fada ta koma magana da Faransanci, kalmomi masu yawa suka kwarara cikin Turanci. Da farko messager ake cewa, babu n. Wajejen shekarar 1300 sai n ta kutsa tsakiya, saboda haka bakin mutane ya fi jin daɗin faɗa. Haka ta faru da passager, ta zama passenger. Mu kuwa da muka tashi aro, mun kwaso su duka biyu har da baƙuwar n ɗin: ga masinja, ga fasinja.

Kalmar ta zauna a bakin Hausawa ne a zamanin Turawan mulki, bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Masinjan Razdan ko na Di'o, wato Turawan da ke kula da lardi da yankunansa, ba ƙaramin mutum ba ne a wancan lokaci. Shi ke kai takarda wurin sarki ko hakimi, sau da yawa kuma shi ne tafinta. Abin da ya gaya wa Bature, shi Bature zai ji, don haka har manya suna lallaɓa shi. Yau masinja fayil yake ɗauka daga wannan ofis zuwa wancan, a aike shi sayen abinci, wasu har suna raina aikin. Ni dai ban ga abin raini ba. Duk wanda takardarsa ta taɓa kwana wata guda a kan tebur ya san wa ake nema ya ɗaga ta.

Sai a yi hattara a nan. Bature kalma ɗaya yake amfani da ita, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Messenger suke rubutawa da babban baƙi. Hausa ta fi rarrabewa. Yaron da aka tura kasuwa ɗan aike ne. Wakilin sarki ko na ƙasa jakada ne. Masinja na ofis ne kawai. In ka ga kalmar a littafin addini na Turanci, manzo za ka fassara ta, kada ka kuskura ka ce masinja.

Yanzu buɗe littafinka. Rubuta messenger sau biyar, ka ja layi a ƙarƙashin n. Sannan ka rubuta jimla ɗaya da masinja, ɗaya da fasinja, ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.