Hawan Kilimanjaro: kurakuran da ke dawo da mutane daga rabin hanya

Ƙololuwar dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, wadda ake kira Uhuru, tana mita 5,895 sama da teku, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a Afirka. Ba a buƙatar igiya ko gatarin sassaƙa ƙanƙara a hanyoyin da jama'a ke bi, tafiyar ƙafa ce daga ƙofa har sama. Wannan sauƙin shi ke ruɗin mutane. Mai tasowa daga Kano yana zaune ne a ƙasa da mita 500. Jos da muke kira garin sanyi wajen mita 1,200 ce. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, na Bagzan a Nijar kuwa 2,022. Shi kuma ciwon tsauni, wanda ƙarancin oksijin a sama ke jawowa, galibi daga mita 2,500 yake fara kama mutum. Ke nan mafi yawanmu jikinmu bai taɓa ɗanɗana irin wannan iska ba, kuma ba mu san yadda zai karɓe ta ba sai mun je.

Babban kuskuren tun a gida ake yin sa, ranar da ake zaɓen kwanakin tafiya. Kamfanonin jagora suna sayar da hawan kwana biyar, da shida, da bakwai, da takwas, kuma kowace rana da kuɗinta: kuɗin gandun dajin da dutsen yake ciki, da na jagora, da na 'yan dako. Mutum ya duba aljihu ya ɗauki na kwana biyar ta hanyar Marangu. To duba yadda kwanan yake. Ƙofar Marangu ba ta kai mita 1,900 ba. Daren farko a Mandara, wajen 2,700. Na biyu a Horombo, wajen 3,700. Na uku a Kibo, wajen 4,700, kuma ba ma kwana ba ne, domin da tsakar dare za a tashe ka a nufi sama. Kowane dare an ƙara mita dubu. Likitocin da suka san harkar tsauni kuwa shawararsu ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Hawan kwana biyar ya ninka wannan ƙa'ida.

Dalilin ƙa'idar a jiki yake. Iskar sama tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari kamar ta ƙasa, amma nauyinta ya ragu, ta yadda numfashi ɗaya a Uhuru yake kawo kusan rabin abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, ya ƙara yawan numfashi, ƙoda ta gyara jini, amma da kwanaki yake yi, ba a kuma iya hanzarta shi da ƙarfin zuciya. Gyaran a fili yake: in Marangu za ka bi, ƙara kwana ɗaya a Horombo. In da hali, ɗauki hanyar Machame ta kwana bakwai ko ta Lemosho ta kwana takwas, inda ake hawa da rana zuwa dutsen Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da 4,000. Jiki ya leƙa sama, ya dawo ya huta. Wanda kuɗinsa bai kai na ƙarin kwanan ba, ni a ganina gara ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Araha ba ta ado, a nan ma tana iya cin rai.

Sai kuma dogaro da ƙarfi. Saurayi mai buga ƙwallo kullum, ko mai gudun safe, yakan ɗauka ya wuce wannan ciwo. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, sau da yawa ma shi ke jefa shi ciki, domin mai ƙarfi ne ke wuce ayari ya isa sansani da wuri yana haki. Jagororin Tanzaniya suna da kalmar da za ka ji har ka gaji, "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili. Ka bi takun jagora ko da ka ga kamar ana jan ƙafa. In ba ka iya yin magana kana tafiya ba tare da numfashinka ya sarƙe ba, ka yi sauri.

Akwai kuskure guda da ya fi kama mu, mu da muka tashi da zazzaɓin cizon sauro. Kai ya fara sara, jiki ya mutu, abinci ya fita rai, zuciya na tashi, sai mutum ya ce maleriya ce ta motsa, ya zaro maganin da ya taho da shi ya sha, ya ci gaba da hawa. A sama da mita 2,500, ciwon kai da ya zo da tashin zuciya ko jiri ko kasala, a ɗauke shi ciwon tsauni har sai an tabbatar da wani abu daban. Hukuncinsa kuma ɗaya ne: ba a ƙara hawa da shi. A tsaya inda ake, a sha ruwa, a sha farasitamol, a jira. In ya lafa a ci gaba, in ya ƙi ko ya ƙaru a sauka. Saukar mita 300 zuwa 1,000 takan sa mutum ya ji kamar an sauke masa kaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɓoyewa. Na ga wannan da idona a sansanin ƙarshe, da daddare, lokacin da jagora ke zagayawa da 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin na jini. Wani abokin tafiya, magidanci, duk tambayar da aka yi masa sai ya ce lafiya lau. Ya tara kuɗin nan shekara biyu, ya gaya wa kowa a gida, kunyar komawa ta fi masa ciwon. Jagoran bai yi musu da shi ba. Ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce ya taka a kai, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. Taku uku ya yi ya karkace kamar wanda ya sha wani abu. A daren nan aka sauka da shi, mutum biyu na riƙe da shi, kuma da gari ya waye a ƙasa yana hira da mutane. Tangaɗi, ruɗewa, magana ba kan gado, barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, alamun kumburin ƙwaƙwalwa ne. Haki alhali mutum na zaune, da tari mai kumfa, wani lokaci da ɗan ja a ciki, alamar ruwa ne a huhu. Duka biyun suna kisa cikin sa'o'i, ba a jiran safiya, ba a kuma barin mai su ya sauka shi kaɗai. Don Allah ka gaya wa jagoranka gaskiya tun ciwon yana ƙarami.

Kafin ka sayi tikiti, ka san nau'in jininka. Mai sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsawo ba. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, a sama jini na iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, don haka wannan zancenmu ne, sai an zauna da likita tukuna. A wannan zaman ne kuma za a tambayi maganin Diamox, wanda ke taimaka wa jiki saurin sabawa. Ana fara shi kafin a hau, yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsikarar yatsu da allura, kuma ba ya maye gurbin ƙarin kwana. Maganin barci da masu ƙarfin kashe ciwo irin su tiramadol a bar su, suna rage numfashi a wurin da numfashi ke ƙaranci. Haka azumi: kada a sa hawan cikin Ramadan da niyyar riƙe baki, domin jiki na buƙatar lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini.

Sanyin kuwa ba na hunturu ba ne. Kowace mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi, kuma a daren hawan ƙarshe ruwa na daskarewa a gora. Ka sa gorar cikin riga, kusa da jiki. Babbar riga ɗaya mai kauri ba ta kai sirara uku ko huɗu da ake cirewa ana mayarwa ba, ta cikin kuma kada ta zama auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Baƙar fata ma rana na ƙona ta a can, ido kuma na buƙatar baƙin tabarau. Sabon takalmi a tattaka shi makonni a gida.

Da asuba, bayan sa'o'i shida ko bakwai na hawa cikin duhu a kan tsakuwa mai zamewa, mai bin Marangu zai iso bakin ramin da ke saman dutsen a Gilman's Point, wajen mita 5,685, mai bin Machame ko Lemosho kuma a Stella Point, 5,756. Akwai allo, ana ɗaukar hoto, mutane da yawa a nan suke jin sun gama. Hangen Dala ba shiga birni ba, daga Stella da sauran kusan sa'a guda zuwa Uhuru, daga Gilman's ya fi haka. Wanda ya tsaya nan don jikinsa ya ce a tsaya ya yi daidai, hukumar gandun ma tana ba da takardar shaida a kan waɗannan wurare, sai dai in ya dawo ya faɗi inda ya kai da sunansa. Wanda kuma ya ƙarasa kada ya daɗe a sama, minti goma ko sha biyar sun isa. Ka rage ƙarfi da ruwa da ɗan dabino a aljihu saboda dawowa, domin a wannan yinin za ka gangaro mita dubu biyu ko fiye kafin ka kwanta, a kan gwiwoyin da suka kwana suna aiki. Sanda biyu na rage musu nauyi. Faratan ƙafa kuma a yanke su tun a Moshi, garin da ke gindin dutsen, in ba haka ba gangaren zai riƙa tura su gaban takalmi har su yi baƙi su faɗi.