Ciwon gefen kai ga tsoho: yadda za a tsere da ido

Goro ne ya tona cutar Gwaggo. Matar da ta fi shekara 40 tana cin sa, rana ɗaya ta ajiye, wai da ta fara tauna sai muƙamuƙi ya riƙe da zogi, in ta huta ya lafa. Ga sabon ciwon kai tsakanin ido da kunne, ɗaurin ɗankwali ma wahala, mai kitso kuwa ta sallame ta. Mu a gida nan Daura muka ce taifot ne, muka yi mako biyu muna zaryar kemis.

Ashe kumburin jijiyar jini ne ta gefen kai, wanda likita Horton ya bayyana a Amurka a 1932. Kusan ba ya kama wanda bai kai 50 ba, ya fi samun mata, kuma ba shi da yawa a wajenmu, shi ya sa ba a kawo shi a rai.

To ga abin yi. Ku ɗora yatsa a gefen goshin tsohon: jijiyar ta yi tauri kamar igiya, tana zafi? Ku tambaye shi tauna, ku tambayi kafaɗa da ƙugu ko suna sagewa da safe. In ya ce gani ya dushe ko da na minti ɗaya ne, ko yana ganin abu bibbiyu, ranar za ku tafi asibiti, ba gobe ba. Idon da jininsa ya yanke da wuya ya dawo, ɗayan kuma yana iya bi cikin kwanaki.

A asibiti za a yi gwajin jini na ESR da CRP masu nuna kumburi a jiki, a duba jijiyar da sikanin, ko a yanko ɗan guntunta a auna. Likita ba ya jiran wannan sakamakon. Nan take yake fara ba da maganin kumburi mai suna Prednisolone, miligram 40 zuwa 60 kullum, in ido ya taɓu kuma ta jijiya ake ba da mai ƙarfi har kwana 3.

Kwana biyu Gwaggo ta ce ta warke, a ajiye ƙwaya. Nan aka sha daga. Maganin shekara ɗaya zuwa biyu ake sha, likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan, yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana cin ƙashi, don haka muke auna ta duk wata, tana shan kalsiyam da bitamin D. Goronta dai ta koma, sukarin furar ne muka hana.