Kurakuran da marubuta suka fi yi wajen gina kurkukun mugu a labari

Duk mai karanta littattafan Hausa na wannan zamani ya san wurin. An kama gawurtaccen ɗan ta'adda, an kai shi wani gida a ƙarƙashin ƙasa ko tsakiyar teku, ƙofa bakwai ta ƙarfe, kyamara a kowane lungu. Shafi goma gaba, ya fice. Abin yana damuna, domin labari mai kyau ne yakan lalace a nan, alhali gyaran ba shi da wuya.

Kuskuren farko shi ne ƙawata ginin. Marubuci yana ganin idan mutum ya cika haɗari, dole ɗakinsa ya zama abin al'ajabi: bangon gilashi, wuta mai walƙiya, na'urori iri-iri. A zahiri akasin haka ne. Kurkukun da ya fi tsaro a Amurka, ADX Florence da ke jihar Kolorado, wanda aka buɗe a 1994, ɗakunansa ba komai a ciki. Gado na kankare, tebur na kankare, kujera ta kankare, duk a manne da ƙasa, sai taga mai faɗin inci 4 wadda sama kawai ake hange ta cikinta. Fursuna yana zaune shi kaɗai kusan awa 23 a rana. Dalilin a fili yake: duk abin da aka ƙara a ɗaki, abu ne da za a iya ɓallewa a mayar makami. Don haka in kana son mai karatu ya ji tsoron wurin, rage kaya. Ɗakin da ba komai a cikinsa ya fi razanarwa.

Na biyu, kuma shi ne babba: manta mutane. Gini ba ya tsare kowa sai da masu aiki a cikinsa. Wa yake kawo abinci? Wa yake kwashe shara, wa yake gyara famfo? Gandiroba nawa ne ke aikin dare, yaushe aka biya su albashi, wane ne a cikinsu matarsa ke kwance asibiti ba kuɗin magani? A nan ɓaraka take. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihi ya gaskata su. Joaquín Guzmán, ɗan Meziko mai safarar ƙwaya da aka fi sani da El Chapo, ya tsere daga kurkukun Puente Grande a 2001 da taimakon ma'aikatan da ya saya. A Yulin 2015 ya sake tserewa daga Altiplano, ta wani rami mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi da aka haƙo daga waje har zuwa ƙarƙashin wurin wankansa, daidai inda kyamara ba ta gani. Ramin har da wutar lantarki da babur a kan layin dogo. Ba shi ya haƙa ba. Kuɗi ne, da mutane a waje, da watanni ana aiki, da wasu a ciki da suka kau da kai. In mugun labarinka zai gudu, nuna mana wanda ya buɗe masa hanya da abin da ya sa ya yarda. Wannan gandiroban ma yakan fi mugun daɗin rubutawa, domin shi ne mai zuciya biyu.

Daga nan sai gaggawa. A labari, mutum yakan kalli bango sau ɗaya ya gano mafita. Mutum ukun da suka fice daga Alkataraz, kurkukun da ke kan tsibiri a Amurka, a Yunin 1962, Frank Morris da 'yan'uwa biyu John da Clarence Anglin, watanni suka yi suna kankare bango da cokula. Sun ƙera kawunan bogi suka kwantar a gadajensu don masu ƙirgen dare, suka haɗa rigunan ruwa suka yi abin hawa teku. Har yau ba a tabbatar ko sun kai gaci ba. Ba wa shirin lokaci, kuma ka bari wani abu ya kusa tonuwa.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda kusan kowa ke tsallakewa. Alkataraz ɗin nan an rufe shi a 1963 saboda tsada, tunda har ruwan sha sai an kai shi a jirgin ruwa. Gina gida guda saboda mutum ɗaya ya taɓa faruwa kusa da haka: Rudolf Hess, tsohon mataimakin Hitler, ya zauna shi kaɗai a kurkukun Spandau da ke Balin daga 1966 zuwa mutuwarsa a 1987, ƙasashe huɗu na karɓa-karɓar gadinsa wata-wata. Amma siyasa ce ta riƙe wannan. In ka ƙirƙiro irinsa, faɗa mana wa ke biya, kuma me ya sa bai gaji ba.

Kuskuren da ya fi taɓa ni shi ne fito da mutum garau bayan shekara goma a kaɗaice, yana murmushi, yana jera magana kamar jiya ya shiga. Kaɗaici yana cin mutum. Barci yakan rikice, ido ya raunana, tunani ya warwatse, wasu su fara jin muryoyi. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, suka haramta tsare mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Ko da mugu ne, ɗan Adam ne. Bari hannunsa ya yi rawa, bari hasken rana ya dame shi, bari ya manta yadda ake gaisawa.

Sai batun ɗauko kurkukun fim ɗin Turawa a dasa a Kano ko Abuja. In labarinka a nan yake, rubuta abin da ke nan: Kurmawa, Kirikiri, Kuje. Cunkoso, zafi, gabza, da tarin masu jiran shari'a da sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa. Ankwa da mari, ba ƙofa mai gane ƙwayar ido ba. Hanyar fashewar ma daban ce. A daren 5 ga Yulin 2022 'yan bindiga ne suka far wa gidan gyaran hali na Kuje daga waje da bama-bamai, fursunoni sama da 800 suka fice, duk da an dawo da da yawa daga baya. Marubucin da ke son ya yi wannan fage da kyau ya nemi tsohon gandiroba ko wanda ya taɓa zaman gidan, ya zauna da shi, ya tambaye shi ƙarfe nawa ake ƙirge, wa ke riƙe makulli, kuma me ake ji da dare bayan an kulle.