Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Nauyi a Kan Turken Harsashi

A Jidda, inda ruwan gishiri ke kusa kuma dutsen murjani ke da kogunna, manyan gine-gine kan turakun kankare suke tsayawa, waɗanda Larabawa ke kira khazuƙ. Ana gwada turke ta hanyar danna shi da nauyi ana auna yadda yake nutsewa. Bayan gwaji za a miƙo maka zane: nauyi a gefe ɗaya, nutsewa a ɗaya gefen.

Kafin ka duba zanen, tambayi yadda aka yi awon. Sandar ƙarfen da agogunan awo ke jingina a kanta, an yi mata rumfa? Ranar Jidda tana lanƙwasa ta, sai ka ga turke ya "nutse" da azahar ya "taso" da magariba alhali bai motsa ba. Agogunan awo huɗu da ke kan turken ya kamata bakinsu ya zo kusa. Idan ɗaya ya yi nisa, jak ɗin da ke danna turken bai zauna a tsakiya ba. Nauyin kuma a ɗauko shi daga na'urar auna nauyi, domin agogon man jak yakan faɗi fiye da abin da ya isa kan turken. A ɗaya daga cikin hanyoyin ƙa'idar gwajin turke ta Amurka, ASTM D1143, ana ƙara kashi 25 cikin ɗari kowane mataki har ninki biyu na nauyin aiki, ana jira nutsewa ta sauka ƙasa da milimita 0.25 a awa.

Sai lissafi. Kankaren ma yana matsewa: nauyi sau tsawo, a raba da faɗin fuska sau taurin kankare (modulus, E). Turke mai kauri mita 1, tsawo mita 25, nauyi kN 6,000, kankare GPa 30, zai matse milimita 6.4. Layin Davisson, wato layin da ake ja a kan zanen don gane iyakar turke, yana ƙara wa wannan matsewar milimita 3.8 da kauri a milimita a raba da 120, wato 8.3, jimla 18.5. Inda zanen ya ƙetare layin, nan ne iyakar ƙarfinsa. Sai dai don siraran turakun da ake bugawa aka tsara layin. Ga haƙaƙƙen turke mai kauri yana nuna ƙarfinsa ƙasa da gaskiya, shi ya sa ake amfani da kashi 5 cikin ɗari na kauri, milimita 50 ke nan.

Siffar zanen ta fi lambar ƙarshe magana. Riƙon gefe, wato riƙon da ƙasa ke yi wa jikin turke, yana cika da wuri, cikin milimita 5 zuwa 10, gindi kuwa sai an nutse sosai yake ɗauka. Zanen da ya miƙe, ya faɗa kwatsam, sannan ya sake ƙarfi, alamar laka ko bentonayit (yumɓun da ake zubawa lokacin haƙa) ce aka bari a gindin rami ba a share ba. Da aka sauke nauyi, idan turken ya dawo kusan inda ya fara, gefe ne ya yi aikin.

Turken da bai kai ga gazawa ba, rubuta nauyin da ya ɗauka kawai. Hanyar Chin, wadda ake jan zane gaba da ita don ƙiyasta ƙarfin gazawa, tana ba da lamba fiye da gaskiya, kada ka gina bene a kanta.