Masu shuka katnif a Sakkwato, ga inda kuke ɓata shi

Wallahi na gaji da hoton tsiro ya langwaɓe ana turo min a WhatsApp ana tambayar mi ya same shi. Katnif ɗin nan, tsiron da ƙamshin ganyensa ke jan maguna, wanda ni nake ce wa na'a-na'ar mage don dangin na'a-na'a ne, asalinsa Turai da Asiya, ba ɗan ƙasar zafi ba ne irin tamu, kuma daga nan matsalar take farawa.

Babban kuskure shi ne lokaci. Mutum ya samu iri a watan Maris, zumuɗi ya hana shi jira, ya zuba a tukunya ya ajiye tsakar gida, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Ni ma haka na yi. Ƙanena ne ya aiko min da irin daga Ingila, 'yar fakiti guda, na zuba shi duka rana ɗaya, ya tsiro cikin mako biyu gwanin sha'awa, sai ranar Afrilu ta soye shi ƙurmus, ko ɗaya bai tsira ba, shekara guda na yi kafin na sake samun wani. Yanzu sai sanyi ya shigo, wajen Nuwamba, nake shukawa, kuma rabin irin nake zubawa in ɓoye rabi. Irin ƙanana ne ƙwarai, kar a binne shi, a barbaɗa a danna da tafin hannu kawai. In bazara ta kama sai in ja tukunyar gindin dogon yaro, ta sha hantsi ta huta da rana.

Na biyu kuma, haba jama'a, ku da kanku kuke kiran mage ta zo ta gani tun yana ɗan tsiro! Ganyen in an murje shi ne yake fitar da sinadarin da ake kira nepetalakton, shi ke jan su. Kin taɓa, kin shafa, kin dasa kin ɓarje ganye, to kin yi shela. Tawa musar da wani muzurun maƙwabta dare ɗaya sunka yi birgima a kan tukunya uku, da safe ƙasa kawai na tarar da gashi a gefen tukunya. Tun ranar nake kifa kwandon kaji a kai in ɗora dutse, ba na buɗewa sai ya kai kamu biyu.

Ruwa: ba alayyafo ba ne, jiƙa da yawa ruɓar da saiwa take yi. Tukunyar ƙasa mai huji, a gauraya yashi da ɗan taki, sai saman ya bushe a ƙara. In ya fara fure a tsinke kan don ya yi rassa. Shanya ganyen kuma a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi, rana na kwashe ƙamshin.

Sai masu cewa an sayar musu da jabu don magensu ta shinshina ta wuce. Ba dole ba ne. Abin gado ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na maguna ba ya yi musu komai, 'yan jarirai ma sai sun yi watanni. Wadda yake kamawa za ki ga tana goga kumatu, tana birgima, miyau na zuba, minti 10 zuwa 15 ya sake ta, daga nan ko kin tura mata a hanci ba za ta kula ba sai an jima. Kar a yi ta ɗura mata, in ta ci da yawa amai da zawo za ta yi. Ni ɗan tsunkule nake barbaɗa mata a tsohuwar tabarma, sau biyu a mako.